Kiɗan da ya riƙe tarihi: yadda makaɗan Manden ke ba da labarin Sunjata

Duk Bahaushen da ya zauna a Bamako, ko Bobo-Dioulasso, ko unguwannin Abidjan da 'yan ƙabilar Jula suka yi yawa, ya taɓa ganin irin wannan a wajen biki ko suna. Makaɗi zai taɓa tsirkiya, mawaƙiya ko baki ba ta buɗe ba, sai ka ga wani dattijo ya gyara zama, wata mata ta ɗaga hannu sama, wani kuma ya fara laluben aljihu. Baƙo ya kan rasa abin da aka ce, alhali ba a ce komai ba tukuna. Kiɗan ne ya riga ya sanar da su wanda za a ambata, da gidan da ya fito, da abin da kakansa ya aikata.

A ƙasar Manden, wato yankin da ya haɗa kudancin Mali da arewa maso gabashin Gini, tsara kiɗa da ba da labari sana'a ɗaya ce, kuma tana hannun mutane ɗaya. Su ne ake kira jeli, waɗanda da Faransanci ake ce wa griot. Gadonta ake yi, shi ya sa sunaye irin su Kouyaté da Diabaté da Sissoko suka yi yawa a cikinta. Babban labarin da suke riƙe da shi shi ne na Sunjata Keita, wanda ya kafa daular Mali kusan shekara 800 da suka wuce. Wanda ya gane yadda kiɗa ya riƙe wannan labari zai fi gane abin da makaɗanmu na Hausa ke yi, da kuma abin da ke salwanta idan aka raba waƙa da labarinta.

Labarin a taƙaice

Ruwayoyin suna da yawa, amma ƙashin bayansu ɗaya ne. Wasu maharba biyu sun kashe wata ɓauna da ta addabi ƙasar Do, aka ba su zaɓin mace a matsayin tukuici, suka zaɓi Sogolon, mace mai doro wadda ba wanda ke kallo. Suka kai ta ga sarkin Manden, Nare Magan, wanda aka riga aka yi wa bushara cewa irin wannan mace ce za ta haifa masa magaji. Ta haifi Sunjata, amma yaro ya yi shekaru yana rarrafe bai tashi ba.

Wata rana Sogolon ta roƙi kishiyarta ganyen kuka na miya. Kishiya ta yi mata gori cewa ita ɗanta ke tsinko mata, ta je ta aiki nata gurgun. Sogolon ta koma ɗaki tana kuka. Ran nan Sunjata ya sa aka kawo masa sandar ƙarfe daga maƙera, ya dogara ya miƙe har sandar ta lanƙwashe kamar baka, sa'an nan ya je ya tumɓuko itacen kukar gaba ɗaya ya ajiye a ƙofar uwarsa.

Makircin gida ya tilasta musu gudun hijira, har suka zauna a Mema. A bayansu Sumaworo Kante, sarkin Sosso, maƙeri kuma matsafi, ya mamaye Manden. Aka aika a nemo Sunjata. 'Yar'uwarsa da ke gidan Sumaworo ta gano asirin mijin nata: ƙarfe ba ya cin sa, sai kaimin farin zakara. Aka ɗaura kaimin a kan kibiya, aka gwabza a Kirina wajen shekarar 1235, Sumaworo ya gudu ya ɓace a duwatsun Koulikoro. Daga nan aka taru a Kurukan Fuga aka tsara dokokin zama da matsayin kowace zuriya.

Sunjata mutum ne da ya rayu. Ibn Khaldun, masanin tarihin nan na ƙarni na 14, ya ambaci wani sarkin Mali mai suna Mari Jata wanda ya ci mutanen Sosso da yaƙi. Sai dai abin da ya rubuta bai wuce 'yan layuka ba. Zancen ɓauna da kuka da kaimin zakara, da sunayen jarumai da zuriyarsu, duk a bakin makaɗa suka iso gare mu.

Kayan kiɗan da ke cikin labarin

Abin lura shi ne labarin da kansa ya faɗi inda kiɗansa ya samo asali. Sunjata na da makaɗinsa, Bala Faseke, wanda ya faɗa hannun Sumaworo. Wata rana da sarki ba ya nan, ya kutsa ɗakin tsafinsa ya tarar da bala, abin kiɗan nan na falankan itace da aka jera bisa ƙananan goruna, wanda a yau aka fi sani da balafon. Ba mai taɓa shi sai sarki, kuma hukuncin wanda ya taɓa kisa ne. Bala Faseke ya kasa daurewa ya fara kaɗawa. Sumaworo ya jiyo daga nesa ya dawo a fusace, nan take makaɗin ya tsara masa waƙar yabo. Sarki ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, domin da can shi ke yabon kansa. Ya bar shi da rai, ya kuma damƙa masa abin kiɗan. A wasu ruwayoyin har ya yanke masa jijiyar agara don kada ya gudu.

A wannan ɗan gaɓa an tattara duk alaƙar mai mulki da makaɗi. Mai iko na bukatar wanda zai faɗi labarinsa, makaɗi na bukatar kariya da abinci, kuma kowannensu na iya cutar da ɗan'uwansa.

Mutanen Manden sun yi imani cewa wannan bala na nan har yau. Ana kiran sa Sosso Bala, yana ajiye a garin Niagassola da ke yankin Siguiri a Gini, kusa da iyakar Mali, a hannun iyalan Kouyaté, zuriyar Bala Faseke. Yana da falanki 20. Dattijon gidan, mai riƙe da sarautar Balatigi, shi kaɗai ke kaɗa shi, kuma sai a lokuta na musamman kamar shigowar sabuwar shekarar Musulunci ko jana'izar wani babba. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin fitattun kayan gadon ɗan'adam da ake riƙewa da baki.

Akwai kuma shaidar wanda ya gani da ido. Ibn Battuta ya isa fadar Mansa Sulaiman a 1352. Ya bayyana wani tafinta mai suna Duga wanda a ranar idi ke zama ya kaɗa wani abu mai goruna a ƙasa, yana rera yabon sarki da yaƙe-yaƙensa, mata na amsa masa. Ya kuma ga mawaƙa sanye da rigunan gashin tsuntsu, suna tsayawa gaban sarki suna tuna masa da waɗanda suka riga shi zama a wannan karaga da alherin da suka shuka, don shi ma ya yi abin da za a tuna da shi. Sunan da ya ji ana kiransu da shi shi ne jali. Ke nan shekara ɗari da 'yan kai bayan Kirina, sana'ar ta riga ta kafu da sunanta da kayan aikinta.

Yadda ake gina shi

Kayan kiɗan jeli uku ne manya. Akwai bala. Akwai ngoni, ɗan'uwan molo da garaya. Akwai kora, mai tsirkiya 21 da rabin babbar ƙwarya da aka rufe da fatar saniya, wadda ta fito daga yammaci, yankin tsohuwar daular Kaabu da ya haɗa Gambiya da Kasamans da Gini Bisau. Ko wanne aka ɗauka, tsarin aikin kusan ɗaya ne, kuma Mandinkawan Gambiya na da suna ga kowane sashe.

Na farko shi ne kumbengo, wato gajeren zagayen kiɗa da ake ta maimaitawa ba yankewa. Shi ne harsashin ginin, kuma da shi ake gane ko wane kiɗa ne. Na biyu donkilo, waƙa mai tsayayyen rauji da tsayayyun kalmomi, wadda kowa ya sani kuma zai iya amsawa. Na uku sataro, inda mawaƙi ke sakin murya ya ɗauko daga sama ya gangaro, yana jero asali da kirari da karin magana, ba tare da ya ɗaure kansa da bugun kiɗan ba. Na huɗu birimintingo, gudun yatsu da makaɗi ke yi a kan tsirkiya ya bar zagayen na ɗan lokaci. Wannan na ba mawaƙi damar numfasawa, yana kuma shaida wa masu sauraro cewa an rufe wani babi za a buɗe wani.

Masanin nan Ba'amurke John William Johnson ya fassara ruwayar Fa-Digi Sisoko da aka naɗa a garin Kita a 1968, mai layi sama da 3,000. Ya lura cewa jeli na sauya murya iri uku. Akwai muryar labari, mai tafiya a natse tana ciyar da zance gaba. Akwai muryar kirari da karin magana, mai sauri da zafi, wadda ke zuwa idan jarumi ya shigo ko za a tsallaka daga wani al'amari zuwa wani. Akwai kuma muryar waƙa, wadda ake ajiyewa sai an zo manyan gaɓoɓi. Ranar da Sunjata ya miƙe tsaye, labari na tsayawa cak a yi waƙa. Haka ranar da aka fita hijira, haka ranar yaƙi. Mai sauraro na auna nauyin abin da ya faru da irin muryar da aka ɗauko.

Sa'an nan jeli ba ya magana shi kaɗai. A gefensa akwai mutumin da aikinsa kawai shi ne amsawa a ƙarshen kowane layi, ya ce naamu, kalmar da ta fito daga Larabci, ita ce dai na'am ɗin da muke cewa. Wannan amsa ce ke yanka zance layi-layi daidai da numfashin mai magana, kuma tana tsayawa a madadin jama'a, tana gaskata abin da aka faɗa.

Wannan tsari shi ya sa mutum ke iya ɗaukar labarin sa'o'i da yawa a ka. Jeli ba ya haddace shi kalma da kalma kamar yadda gardi ke haddace Alƙur'ani. Abin da ya riƙe da ƙarfi shi ne jerin gaɓoɓin, da kirarin kowane jarumi, da waƙoƙin da ke kan kowace gaɓa. Tsakaninsu kuma yana da 'yancin tsawaitawa ko gajartawa gwargwadon wanda ke zaune a gabansa. A 1974 Gordon Innes ya buga ruwayoyi uku daga Gambiya, na Bamba Suso da Banna Kanute da Dembo Kanute. Biyun ƙarshe 'yan'uwan juna ne, duk da haka labaransu sun sha bamban a wurare da dama. Waƙoƙi da kirari su ne turakun da ba su cika motsi ba, labari kuma igiya ce da kowa ke ɗaurawa a kansu yadda hannunsa ya saba.

Kowane kiɗa da mai shi

A Manden kiɗa na da mai shi. Yawancin manyan kaɗe-kaɗen an tsara su ne don wani mutum ko wata zuriya, kuma kowanne na ɗauke da labarinsa ko da ba a furta shi ba. Sunjata fasa na Sunjata ne da zuriyar Keita. Janjon ana danganta shi da Fakoli, ɗan 'yar'uwar Sumaworo wanda ya koma ɓangaren Sunjata bayan kawun nasa ya ƙwace masa mata, kuma bisa al'ada ba mai taka rawarsa sai wanda ya fuskanci babban haɗari bai ja da baya ba. Duga, wato ungulu, na mayaƙan da suka ga mutuwa a fagen fama suka tsira ne, kuma da shi ake ba da labarin Duga na Kore da Da Monzon sarkin Segu. Lamban na su jeli ne da kansu. Kelefaba, wanda masu koyon kora kan fara da shi, na Kelefa Sane ne, wani jarumin Kaabu na ƙarni na 19. Taara kuma na Alhaji Umaru Tal ne, malamin Tijjaniyya wanda ya yi shekaru a Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kafin ya koma yamma ya yi jihadinsa, ya rasu a 1864.

Wannan ne amsar abin da baƙo ke gani a wajen biki. Ba kasafai ake zama a ba da labarin Sunjata daga farko har ƙarshe ba. Abin da aka fi ji shi ne kiɗan da 'yan waƙoƙinsa da kirari, sauran kuma masu sauraro su cike da kansu. Idan mawaƙiya ta ɗora sunan ango a kan kiɗan kakansa, ta yi masa yabo, ta kuma ɗora masa nauyi a bainar jama'a, domin an auna shi da wanda ya tumɓuke kuka saboda hawayen uwarsa. Kyautar da ya zaro daga aljihu amsa ce ga wannan awo.

A nan ma aikin ya rabu tsakanin maza da mata. Maza suka fi riƙe kayan kiɗa da dogon zance, mata kuma, waɗanda ake kira jelimuso, su suka fi riƙe waƙa. A Mali ta yau muryoyin mata irin su Kandia Kouyaté da Ami Koïta da Tata Bambo Kouyaté su suka fi isar da waɗannan kaɗe-kaɗe ga jama'a.

Wurin da ake jin labarin a cike shi ne Kangaba, kudu da Bamako. Duk bayan shekara bakwai ana sake baibaye wani ɗaki mai alfarma da ake kira Kamablon, a yi kwana biyar ana hidima, kuma 'yan gidan Diabaté na ƙauyen Kela su ne ke karanto tarihin Manden. UNESCO ta amince da wannan biki a 2009, tare da dokokin Kurukan Fuga.

Abin da takarda ta kasa ɗauka

Yawancin waɗanda suka yi makarantar boko a ƙasashen renon Faransa sun san Sunjata ne ta littafin Djibril Tamsir Niane, Soundjata ou l'épopée mandingue, wanda ya fito a 1960. Niane ya ɗauko shi daga bakin Djeli Mamadou Kouyaté a Gini, ya mayar da shi zube da Faransanci. Littafin ya yi babban aiki, domin ya nuna wa duniya, a shekarar da ƙasashe da dama ke karɓar 'yancin kai, cewa Afirka na da tarihinta da masu riƙe shi.

To amma a takarda muryoyin nan uku sun koma ɗaya. Babu zagayen kiɗa, babu mai cewa naamu, babu sauyin murya da ke gaya maka cewa an zo wurin da ake zubar da hawaye. Ɗalibi zai san abin da ya faru, amma idan aka kaɗa Janjon a gabansa ba zai gane an ambaci Fakoli ba. Wannan giɓi ne Dani Kouyaté na Burkina Faso ya gina fim ɗinsa na 1995 a kai, Keïta! L'héritage du griot, inda mahaifinsa Sotigui Kouyaté ya fito a matsayin tsohon jeli da ya zo birni don ya gaya wa wani ɗan makaranta asalin sunansa, har karatun yaron ya fara tangal-tangal, gida ya rabu biyu.

Daga fada zuwa rediyo

Da aka samu 'yanci, sababbin shugabanni sun gane ƙarfin da ke cikin tsohon kiɗa. Taken ƙasar Gini an gina shi ne a kan waƙar yabon Alfa Yaya, sarkin Labe. Raujin taken ƙasar Mali kuma Banzumana Sissoko ne ya samar da shi, makaho mai kaɗa ngoni, Seydou Badian Kouyaté ya rubuta kalmomin. A ƙarshen shekarun 1960 ƙungiyar Bembeya Jazz ta Gini ta fitar da Regard sur le passé, dogon labarin Samori Ture da yaƙinsa da Faransawa, da jita da ƙahonin zamani amma a kan tsohon kiɗan jeli. A Bamako, ƙungiyar Rail Band da aka kafa a 1970 ta rera labarin Sunjata, da muryar Salif Keita, daga baya da ta Mory Kanté.

A nan ne haɗarin yake. Tun da kiɗa na ɗauke da labarin jarumi, duk wanda aka ɗora sunansa a kai ya ari jarumtar, ko ya cancanta ko bai cancanta ba. Sékou Touré na danganta kansa da Samori, don haka yabon Samori yabonsa ne. A 1978 Salif Keita ya naɗi Mandjou a Abidjan, waƙar yabon Sékou Touré da danginsa, wadda har yau ake lissafawa cikin mafi daɗin waƙoƙin Afirka ta Yamma. Shekara guda kafin nan, Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya mutu a kurkukun Camp Boiro da ke Conakry, inda gwamnatin ta tsare dubban mutane. Waƙar ta fi gwamnatin tsawon rai, kuma matashin da ya ji ta a yau jarumi kawai zai gani.

Banzumana Sissoko, wanda ya rasu a 1987, ya bi wata hanyar. An san shi da rera labarin magabata da ƙin yabon masu mulki na raye. Wannan ya ba muryarsa wani nauyi na daban, har 'yan Mali suka saba cewa idan gidan rediyon ƙasa ya saki kiɗansa ba ƙaƙƙautawa, to wani babban abu ya auku.

A gidanmu

Alaƙar Hausa da Mali tsohuwa ce. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Ko ba a ce wani ya koya daga wani ba, kamannin aikin a fili suke.

Abin da suke kira fasa, mu take muke da shi. Ɗan dambe ko manomi ko basarake na jin takensa a kalangu ko ganga ya zabura, tun kafin a ambaci sunansa. Hausa, kamar harsunan Manden, harshe ne da hawa da saukar murya ke sauya ma'anar kalma, shi ya sa kalangu ke iya kwaikwayon magana har wanda ya san kirarin ya ji shi sarai. Gindin waƙa da 'yan amshi ke maimaitawa na yin aikin donkilo, ɗiyan da jagora ke jerowa na yin aikin sataro, sanƙira kuma na gefe yana tsoma baki yana ƙara wa zance armashi. Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, da Ɗan Anace a waƙoƙin Shago ɗan dambe, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya a waƙar Karen Mota, duk labari suke bayarwa. Haka tatsuniya: idan yarinyar da ke cikin labari ta shiga uku sai ta yi waƙa, yara su amsa, kuma duk dawowar waƙar labarin ya matsa gaba.

Akwai bambanci ɗaya babba. Makaɗin fada na Hausa bai cika ɗauko labari daga haihuwa zuwa mutuwa ba. Yana taɓo shi ne da habaici da zambo da ambaton wuri ko suna, ya bar wa mai sauraro ya haɗa. Saboda haka waƙarsa ta fi dogara ga abin da mai ji ya riga ya sani. Wanda bai san rikicin sarautar da ke bayan wani zambo ba, zai ji daɗin kotso ya wuce bai san an soki kowa ba.

Maƙwabtanmu Zabarmawa su suka fi kusa da tsarin Manden. Jasare nasu na ba da dogon labari a kan kiɗan molo, kowane jarumi da nasa kiɗan, kuma suna cusa tsofaffin kalmomin Soninke a ciki. A 1980 da 1981 Thomas Hale ya naɗi labarin Askiya Muhammadu daga bakin Nouhou Malio a Saga, kusa da Yamai, ya kuma buga shi daga baya.

Abin da ake gudun rasawa

Kiɗan Manden ba ya fuskantar barazanar ɓacewa. Toumani Diabaté, wanda ya rasu a watan Yulin 2024, ya kai kora manyan dandamalin duniya, kuma matasa na ta ɗora tsofaffin raujin a kan kiɗan kwamfuta. Haka waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo ke yawo a wayoyi daga Kumasi zuwa Ndjamena. Abin da ke raguwa shi ne masu sauraron da suka san labarin da ke ƙarƙashin kiɗan. Idan aka yanko daƙiƙa talatin daga waƙar rabin sa'a aka sa a TikTok, gindin waƙar ne ke tsira, ɗiyan da ke ɗauke da labarin su ake zubarwa.

Wannan ya fi shafar Hausawan da ke zaune nesa da tushe. Yaron da aka haifa a zangon Accra ko unguwar Briqueterie ta Yaoundé na iya rera amshin Bakandamiya ba kuskure, amma bai san inda Isa take ba, bai san wane sarki ake yabo ba, kuma rabin kalmomin Gobiranci ne da ba ya ji a gida. A garin da aka yi waƙar, zaman majalisa da hirar dattawa ke cike wannan giɓi. A zango kuwa sai an yi da gangan.

Akwai wuraren da aka adana wani abu. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, na riƙe da naɗe-naɗe na harsunan yankin, haka ma gidajen rediyon gwamnati da suka yi shekaru suna naɗar makaɗa. Amma faifai ba ya bayyana habaici, sai mutum. A kusan kowane zango akwai tsoho ko tsohuwa da za su iya cewa wannan baiti da wane ake, kuma me ya faru a shekarar. Wayar da ke yanka waƙa gutsi-gutsi na iya naɗar bayaninsu: a kunna waƙar a cike, a dakata a kowane ɗa, a tambaya, a ajiye amsar tare da waƙar. Gidajen rediyon al'umma da ke watsa shiri da Hausa a Ghana da Kamaru da Chadi na iya ware wa irin wannan zama rabin sa'a a mako, tun masu bayanin na nan da ransu.